Kafin Ka Tura Saƙon "Kiɗan Shaiɗan", Ka San Abin da Nuclear Assault Suka Rera a 1989

Akwai wani saƙo da ya ƙi mutuwa a wayoyinmu. Yau ya zo a rubuce, gobe a muryar wani da ba a san ko wane ne ba, jibi an haɗa shi da hoton wasu Turawa masu dogon gashi riƙe da gita. Maganarsa ɗaya ce kullum: wai duk mai kiɗan nan mai ƙara da ihu ya sayar da ransa ga Shaiɗan, wai idan aka juya waƙar ta baya za a ji ana kiran Iblis, wai yaron da ya saurara ya shiga ƙungiyar asiri ko bai sani ba. A ƙasa kuma a rubuta, "Don Allah ka tura wa mutum goma." Mu kuwa sai turawa, har da masu digiri.

Ba fatawa na zo bayarwa ba. Hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, kuma wanda ya kame kunnensa daga kiɗa gaba ɗaya saboda addininsa ba ni da ta cewa a kansa sai girmamawa. Abin da ya ishe ni shi ne ƙarya. Ƙin sauraron abu daban, yi wa mai shi ƙazafi daban. Shi ya sa na ɗauko kundin waƙoƙi guda ɗaya, wanda ko a ƙasarsu ba a ba shi haƙƙinsa ba, don mu auna wannan jita-jita da shi.

Kiɗan da ake kira thrash metal reshe ne na kiɗan rok, ya taso a Amurka a farkon shekarun 1980, daga baya Jamus da Brazil suka karɓa. Gita mai kaushi, ganguna masu gudu, murya mai faɗa. Manyansa huɗu ne da kowa ke ambata: Metallica, Slayer, Megadeth da Anthrax. Wannan ya isa bayani.

Kundin da nake nufi shi ne Handle with Care, na ƙungiyar Nuclear Assault ta birnin New York, wanda ya fito a 1989. Dan Lilker, mai kaɗa gitar bas, yana cikin waɗanda suka kafa Anthrax, kuma bayan rabuwarsa da su a 1984 ne ya haɗu da John Connelly suka tayar da wannan ƙungiya. Connelly ke waƙa yana kuma kaɗa gita, Anthony Bramante na kan babbar gita, Glenn Evans na kan ganguna. Kafin wannan sun fitar da Game Over a 1986 da Survive a 1988. Wanda ya tsara musu sautin kundin shi ne Randy Burns, mutumin da ya yi wa Megadeth aiki a kundinsu Peace Sells na 1986.

To, mu fara da bangon kundin, tunda masu tura saƙo da hoto suke yanke hukunci. Babu ƙaho, babu ƙwarangwal, babu wuta. Hoton duniyarmu ne kamar yadda ake ganinta daga sararin samaniya, an buga mata hatimi irin wanda ake bugawa a kwalin kaya masu saurin fashewa. Ma'anar a fili take: a yi hattara da ita.

Mu shiga ciki. Waƙar da ta buɗe kundin, New Song, zagin masu wariyar launin fata ce, masu ganin farar fata ta fi baƙa. Ta biyu, Critical Mass, wadda ta fi kowacce shahara, kuka ne a kan sare dazuzzuka da gurɓata ruwa da iska da zubar da sharar guba don neman riba. Inherited Hell tana magana a kan irin duniyar da manya suke bar wa 'ya'yansu bayan sun lalata ta. When Freedom Dies gargaɗi ne ga al'ummar da take yarda a ƙwace mata 'yanci da sunan tsaro. Torture Tactics tana la'antar masu mulkin da ke azabtar da mutane. Ina Iblis a nan? A wace waƙa aka kira shi? Idan mutum ya miƙe a gaban jama'a ya ce a daina zuba guba a kogi, a daina wulaƙanta baƙar fata, a daina gana wa fursuna azaba, sai mu ce ɗan Shaiɗan ne saboda gashinsa ya sauko kafaɗa kuma muryarsa ba ta yi mana daɗi ba?

Kuma ba da ka suke wannan kuka ba. A 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a Tarayyar Sobiyet. A watan Maris na 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya malalar da ɗanyen mai a gaɓar Alaska. Mu ma abin bai tsallake mu ba: a 1988 aka gano dubban duro na sharar guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel. Abin da waɗannan samari huɗu suke wa ihu a New York, shi ne aka sauke mana a tashar jirgin ruwa. Da aka yi bidiyon Critical Mass, har rubuta kalmomin waƙar aka yi suna gudu a ƙasan allo, don kada wani ya ce bai ji ba. Mai ɓoye saƙon asiri ba ya haka.

Abin haushin ma shi ne, jita-jitar ba tamu ba ce. Gwanjo ce. Amurkawa ne suka yi yayinta a shekarun 1980, suka gaji suka yar, mu muka tsinta. A 1985 wasu matan manyan 'yan siyasa, ciki har da Tipper Gore, suka kafa ƙungiyar PMRC, har Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman sauraron bahasi a kan kalmomin waƙoƙi. Abin da ya fito daga ciki shi ne tambarin gargaɗin iyaye da ake liƙawa a faifai, wanda ba laifi ba ne. Amma zancen saƙon ɓoye ya je gaban alƙali a 1990 a birnin Reno na Jihar Nevada, inda iyalan wasu samari biyu da suka harbi kansu suka kai ƙarar ƙungiyar Judas Priest. An baje faifan a kotu, an kawo masana sauti, kuma alƙali bai ɗora wa mawaƙan alhaki ba. A 1992 wani jami'in hukumar FBI, Kenneth Lanning, ya fitar da rahoto bayan shekaru yana bin irin waɗannan zarge-zarge, ya ce bai sami hujjar wata babbar ƙungiyar asiri mai yanka mutane da ake ta yayatawa ba.

Wanda yake ganin tura saƙo wasa ne, ya dubi abin da ya faru a West Memphis ta Jihar Arkansas. A 1993 aka kashe yara uku. Aka kama wasu samari uku, kuma cikin abubuwan da aka yi ta nunawa a kansu har da baƙaƙen tufafi da sauraron Metallica. A 1994 aka yanke wa ɗaya hukuncin kisa, biyu ɗaurin rai da rai. Sai a 2011 aka sake su, bayan gwajin ƙwayoyin halitta bai danganta su da wurin kisan ba. Shekara goma sha takwas a kurkuku. Haka jita-jita take cin mutum.

Ko alamar nan ta ɗaga yatsu biyu da ake zagayewa da jan alƙalami a hotuna, mawaƙi Ronnie James Dio da ya yaɗa ta ya sha faɗin cewa a wurin kakarsa 'yar Italiya ya gani, tana yi don kore mugun ido. Camfi ne na tsofaffi, ba mubaya'a ga Iblis ba.

Ban ce duka tsarkaka ne ba. Akwai ƙungiyoyi irin Venom da suka cika faifansu da sunan Shaiɗan don su firgita mutane su sayar da kaya, kuma a Norway wasu 'yan wani reshe daban, black metal, sun ƙona coci-coci a farkon shekarun 1990. Su kansu Nuclear Assault suna da barkwancin banza da ashar a wasu waƙoƙinsu, waɗanda ba zan so yaro ya haddace ba. Sai dai laifin wani ba ya halatta a yi wa kowa kuɗin goro.

Shi kiɗan kansa fa, me ake ji a ciki? Gaskiya muryar Connelly siririya ce mai tsini, kuma da farko tana iya korar mutum. Amma wanda ya daure zai lura cewa ba hayaniya ba ce kara zube. Bas ɗin Lilker yana da kauri da gurnani, ba ya ɓuya a bayan gita yadda ake yi a yawancin faifan zamanin. Evans yana gudu, sai ya taka birki a tsakiyar waƙa, kiɗan ya koma tafiyar ƙasaita mai nauyi, sannan a sake zabura. A wannan sauyin gudu daɗin yake. Kundin bai kai minti arba'in ba, babu jan rai, har da wata 'yar gajeriyar Funky Noise da suka saka don raha. A ganina ya fi wasu kundayen manyan huɗun nan da ake ta kambamawa tsari da manufa.

Dalilin da ya sa bai yi suna ba gajere ne: ƙaramin kamfani ne ya fitar da shi, ya shiga jerin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka na Billboard 200 amma bai kai ɗarin farko ba, 1991 ta zo da ƙungiyar Nirvana da wani salon rok daban, kasuwa ta juya, Lilker kuma ya koma ƙungiyar Brutal Truth.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Idan irin wannan saƙo ya shigo wayarka, tambayi wanda ya turo: wace ƙungiya, wace waƙa, wace shekara? Za ka ga yawanci ba shi da amsa, shi ma turo masa aka yi. Idan an ambaci suna, kalmomin kusan kowace waƙa suna intanet, ka nema ka karanta, in Turancin ya yi maka nauyi ka ba wanda ya iya ya fassara maka. Minti biyar ya isa. In ka ga shirka ko batsa, ka faɗa da hujja, ka ambaci waƙar. In ba ka gani ba, ka goge saƙon, kuma ka gaya wa mai turowa cewa ba gaskiya ba ne, ko da yayanka ne ko abokin aikinka. Addinin da muke cewa muna karewa shi ne ya umarce mu, a Suratul Hujurat, mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, kuma bai ce ban da labarin wanda ba Musulmi ba.

Iyaye kuma, in kun ji irin wannan ƙara tana fita daga ɗakin yaro, kada ku fara da duka ko kiran mai ruƙiyya. Ku zauna da shi, ku ce ya nuna muku abin da yake ji, ya fassara muku. In za ku hana, ku hana da dalilin da kuka yi imani da shi, ku ce masa a gidan nan ba ma son kiɗa, ko kalmomin nan ba su dace da tarbiyyarmu ba. Amma ranar da kuka ce masa mawaƙin yana shan jinin mutane, shi kuma ya bincika ya ga ƙarya ce, to gobe ko gaskiya kuka faɗa masa a kan ƙwaya ko miyagun abokai, sai ya yi shakka.

Akwai ma haɗari na zahiri da masu tura saƙo ba su taɓa ambata ba, wato kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na kimanin awa 40 a mako ba tare da illa ba, kuma da zarar ƙarar ta haura, lokacin yana raguwa da sauri ƙwarai. Samarinmu kuwa suna cusa abin sauraro a kunne su ƙure ƙara tun safe har dare, ko thrash ne, ko waƙar fim, ko karatu. Jijiyoyin ji idan suka mutu ba sa dawowa. Ku rage ƙara zuwa kusan rabi, ku riƙa cirewa kuna hutar da kunne, kuma wanda ya fara jin ƙugi ko shewa a kunnensa bayan ya cire, ya je asibiti a duba shi.

Ba na cewa kowa ya je ya nemi Handle with Care. Wanda ba ya jin kiɗa ya ci gaba da abinsa, Allah Ya ƙara masa ƙarfi. Amma don Allah, 'yan'uwa, wanda bai karanta ko layi ɗaya na abin da mutanen nan suka rubuta ba, ya cire yatsansa daga kan maɓallin turawa.