Hotunan Ban Dariya: Wa Muke Yi wa Dariya?

Jarida ba ta mutuwa ran da aka buga ta. Bayan maigida ya gama da ita, sai ta koma hannun mai ƙosai ko mai tsire, daga nan ta faɗa hannun yaro. Shi kuwa yaro ba ruwansa da labarin majalisa. Abin da yake nema shi ne ɗan zanen nan na ban dariya, mai gida uku ko huɗu a jere, da magana tana fitowa daga bakin mutanen ciki. Haka yaran Gesse da na sauran unguwannin Birnin Kebbi suka saba da irin wannan zane, tun kafin wayar hannu ta kawo musu shi har cikin ɗaki. Ya kamata iyaye su san asalinsa, da abin da yake koya wa 'ya'yansu.

Mafarin abin a ƙasarmu

Wanda aka fi sani da fara wannan sana'a a jaridun Nijeriya shi ne Akinola Lasekan, mutumin Owo, mai sa hannu da sunan Lash. A shekarun 1940 ya riƙa zane a jaridar West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a Ikko a 1937. Da alƙalami kaɗai ya yi ta sukar mulkin Turawa, har wanda bai iya karatu ba yakan gane inda aka nufa.

Bayansa aka yi Josy Ajiboye. Abin da zai ba masu karatunmu sha'awa shi ne, ya fara koyon aiki a mujallar African Challenge ta mishan ɗin SIM, kafin ya yi suna a kamfanin Daily Times, inda zanensa na ran Lahadi ya zama abin da gidaje da yawa suke jira. A 1976 kuma Wale Adenuga ya fito da mujallar Ikebe Super. A cikinta aka haifi Papa Ajasco, mai sanƙo, mai bin mata, wanda daga baya ya koma talabijin. A zamanin nan Mustapha Bulama ya yi suna a jaridar Daily Trust da zanen masu mulki, mutane kuwa sukan tura wa juna zanensa ta Facebook da WhatsApp. Akwai kuma samarin Ikko da suka kafa Comic Republic a 2013, suka sa labaran jarumai a intanet domin kowa ya karanta.

Inda ƙarfinsa yake

Mai zane yakan shirya maka hanya a gida na fari da na biyu, ka saki jiki, sa'an nan a gida na ƙarshe ya juya maganar. Kafin ka yi tunani ka riga ka yi dariya, dariya kuwa alamar yarda ce. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare mu. Kakanninmu sun yi ta da Gizo da Ƙoƙi. Ko cikin Littafi Mai Tsarki, sa'ad da annabi Natan ya je wurin Sarki Dawuda, bai fara da tsawa ba. Ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, sai da sarki ya husata ya yanke hukunci, sa'an nan ya nuna masa kansa ya yanke wa. Zane mai kyau haka yake aiki: yana sa mai iko ya ga fuskarsa, yana sa mu ma mu ga namu halin.

Amma wuƙar da take yanka nama ita take yanka yatsa. Akwai zanen da dariyarsa take kan gurgu, ko mai i'ina, ko baƙauye. Akwai wanda ba ya nuna mace sai a matsayin abin kallo ko mai cin kuɗin maza. Akwai mai mai da wata kabila abin ba'a. Yaron da ya yi dariya a kan waɗannan sau ɗari, ranar da ya gamu da mutumin a hanya ba zai ga ɗan'uwa ba, zai ga abin dariya.

Mafi haɗari shi ne zanen da ya taɓa addinin wani. A watan Satumba 2005 wata jarida a ƙasar Danmak ta buga zane-zane a kan Annabin Musulunci. A Fabrairu 2006 tarzoma ta tashi a Maiduguri saboda su, aka kashe mutane, aka ƙone majami'u. Ba wanda yake da ikon zub da jini saboda hoto, wannan a fili yake. Duk da haka mu da muke zaune katanga ɗaya da maƙwabta Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna noman fadama ɗaya, wajibi ne mu koya wa 'ya'yanmu kada su tura zanen da yake wulakanta abin da wani yake girmamawa. A da, jarida takan bi ta hannun edita kafin ta fito. Yau yaro mai shekara 14 da waya a hannu shi ne editan kansa.

Abin da iyaye za su yi

Hana kallo ba zai yi ba, gama abin da aka hana a tsakar gida za a kalle shi a bayan gida. Gara ku zauna ku duba tare. Bayan an yi dariya, ku yi wa yaro tambaya uku. Wa aka yi wa dariya? Laifin da ya yi ne aka yi wa, ko kuwa halittarsa da asalinsa? Da yana zaune tare da mu, da za mu iya nuna masa? Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi zai riƙa yi wa kansa su ko ba ku nan.

Sa'an nan ku ba su fensir. A aji na ga yaran da rubutu yake ba su wuya, amma da an ce su ja gida huɗu a takarda su zana labari, sai ka ga basira. Misalan Ubangiji Yesu sun dace da wannan ƙwarai, domin mutanen cikinsu talakawa ne irinmu, ba sai an zana wani annabi ba. Bari Basamariye mai kirki ya tsinci mutumin a hanyar Argungu. Bari mai shuka ya watsa irin shinkafa. Bari tarun da ya kamo kifi iri iri ya zama homar masunta a Matan Fada. Malaman makarantar Lahadi su ma su gwada.

Ya ku iyaye, dariya kyauta ce daga wurin Allah, gidan Kirista bai kamata ya rasa ta ba. Sai dai mu lura a kan wa take sauka. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu. Amin.