INA KALANKUWA TA SHIGA?

Idan iskar hunturu ta soma kaɗawa, gero ya shiga rumbu, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran wuƙa, to, manomi ya fita kunyar iyalinsa. A da can, wannan shi ne lokacin da samari da 'yan matan ƙauyukan ƙasar Hausa ke shirya Kalankuwa, watau bikin murnar kaka.

Ba rawa da kiɗa kaɗai ake yi ba. Tun da sauran kwanaki sarkin samari zai tara kuɗi da hatsi, a aika wa ƙauyukan maƙwabta goron gayyata, a share dandali a kafa rumfuna. Ran biki makaɗan kalangu da na ganga su goce, 'yan kokawa da 'yan dambe su gwada ƙwanji, 'yan mata su fito da sababbin zannuwan da aka saya da kuɗin gyaɗa. A wurare da yawa har hukuma ake naɗawa ta wasa: wannan Gwamna, wancan Alƙali, ga likita ga 'yan doka, wanda ya karya doka a ci shi tara. A Damagaram ta ƙasar Nijar akwai irin wannan kwaikwayon mahukunta, ana ce masa Wasan Kara. A nan yaro ke koyon shugabanci da riƙon amanar kuɗin jama'a, a nan kuma ake ganin wanda za a aura.

Manya su ma suna da nasu. Manomin da ya ɗaure dami dubu yakan yi bikin dubu, ya ciyar da jama'a, a kira shi Sarkin Noma. Ashe ke nan noma yana da sarauta, yaro kuwa na gani yana sha'awa.

Yau fa? A garuruwa da dama sai dai labari. Samari sun tafi cin rani birni tun kafin a gama sussuka, wasu malamai kuma sun yi wa cuɗanyar maza da mata wa'azi. Amma babban abin da ya kashe wa biki gwiwa shi ne rashin zaman lafiya. A sassan Zamfara da Katsina 'yan bindiga sun sha aza wa manoma haraji kafin su bar su su girbe abin da suka shuka. A Jihar Adamawa kuwa, a ƙarshen watan Oktoba na 2014, daidai lokacin da amfanin gona ya nuna, Boko Haram ta kama Mubi da Vimtim, garin Falawa da ke gindin duwatsun kan iyakar Kamaru. Mutane suka tsere suka bar dawa da masara a gona. An ƙwato Mubi cikin Nuwamba, amma kakar wannan shekara ta riga ta tafi. Wanda bai kai dami gida ba, da wane ƙarfi zai yi rawa?

Wasu ƙasashe sun riƙe irin wannan biki da hannu biyu. A garin Lukban na lardin Kezon, can ƙasar Filifin, ran 15 ga watan Mayu na kowace shekara ake bikin Pahiyas don godiya bisa amfanin gona. Kowane gida sai a lulluɓe gabansa da zangarniyar shinkafa da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, da wata irin waina fale-fale ta garin shinkafa mai launi-launi da suke kira kiping. Gidan da ya fi kyau a ba shi kyauta. Baƙi na tururuwa daga Manila da ƙasashen waje, masu abinci da masu sana'ar hannu su yi ciniki, manomi kuma ya ga ana girmama guminsa.

Mu ma ba mu rasa abin nunawa ba. Da ƙananan hukumomi da masarautu za su haɗa kai da sarakunan noma, a tsayar da rana, a gyara abin da ya saɓa wa addini da tarbiyya, a ba manomin da ya fi ƙwazo taki da garma a gaban jama'a, da Kalankuwa ta farfaɗo. Amma kafin nan tilas ne a tsare hanyar gona, gama sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kai mu kaka mai albarka.