Daga Karan Dawa Zuwa Batir: Ina Makomar Taki a Ƙasar Dambatta?

Idan aka gasa busassun tsirrai da zafin da ya haura digiri 1,000 a inda iska ba ta shiga, sukan zama gawayi mai tauri wanda ke riƙe sinadarin sodiyam a cikin batir. Kamfanin Kuraray na Japan yana samar da shi daga ɓawon kwakwa, Stora Enso kuwa ya fara gwaji da itace a Finlan a 2021. Karan dawa ma zai yi. Sai dai a Dambatta da Bichi kara ba shara ba ne, abincin dabbobi ne, kuma makamashi. Michael Mortimore ya nuna cewa takin dabbobin nan ne ke raya gonakin Kano da ba a hutar da su. Masana'antar da ta kwashe kara, taki ta kwashe.