Ruftawar ramin haƙar ma'adinai

Ruftawar ramin haƙar ma'adinai ita ce faɗowar bango ko rufin rami a kan mutanen da ke aiki a ciki, ta yadda ƙasa ko dutse zai binne su ko ya toshe musu hanyar fita. Irin wannan haɗari ya fi aukuwa a wuraren ƙananan mahaƙa, waɗanda ke aiki da diga da shebur da guduma a ramukan da ba a tokare bangonsu ba. A arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar an fi danganta shi da haƙar zinare, amma yana faruwa kuma a ramukan yashi da burji da laka, da wajen haƙar rijiya. Wanda ƙasa ta rufe wa fuska mintuna kaɗan gare shi kafin numfashi ya ƙare. Saboda haka ransa ya fi dogara da abin da abokan aikinsa suka yi nan take, da shirin da aka yi tun kafin a shiga ramin, fiye da taimakon da zai zo daga gari.

Inda ake haƙa a Zamfara

Zinaren Jihar Zamfara yana cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa tsofaffin duwatsun yankunan Anka da Maru. Haƙar ta fi ƙarfi a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Maru. Mahaƙa kan sassaƙa rami tsaye kamar rijiya, wani lokaci ya kai mita ashirin ko fiye, sannan su karkata gefe suna bin jijiyar dutsen. Ana sauka da igiya ko ta matakalar da aka sassaƙa a jikin bango, ana kuma jawo dutsen sama a cikin buhuna.

Talata Mafara da Bakura da Maradun suna shiyyar Zamfara ta Yamma tare da Anka da Bukkuyum da Gummi. An fi sanin su da noma, musamman noman rani da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. A irin waɗannan garuruwan noma, ramukan da mutane ke shiga kullum su ne na ɗibar yashi a bakin gulbi, da na ƙasar gini, da rijiyoyi. Ba su kai ramin zinare zurfi ba, amma hanyar ruftawarsu iri ɗaya ce.

A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma ɗage haramcin a watan Disamban 2024. Kafin nan jihar ta yi fama da annobar gubar dalma da aka gano a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara kimanin 400 sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje.

Dalilan ruftawa

Ƙasa tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Ƙasar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya tana kai tan ɗaya da rabi zuwa tan biyu. Idan aka yanke ta a tsaye, bangon yana tsayawa ne kawai muddin ƙwayoyin ƙasar na riƙe da juna. Busasshen yashi ba ya tsayawa a gangaren da ya wuce digiri 34 ko kusa da haka. Laka da jar ƙasa kan tsaya tsaye na kwanaki ko watanni, abin da ke sa mahaƙa su saki jiki, sannan su zube gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi.

Ruwa shi ne babban dalili. Ruwan sama yana ƙara wa ƙasa nauyi, yana kuma rage riƙon da ƙwayoyinta suka yi wa juna, shi ya sa haɗarin ke ƙaruwa da damina da kuma makonnin da ke biye da ita. Dalili na biyu shi ne cin gindin bango, wato a ci gaba da ɗibar ƙasa daga ƙasa a bar na sama yana reto. Na uku shi ne kusancin ramuka: idan mutane da yawa suka haƙa a fili ɗaya, hanyoyinsu na ƙarƙashin ƙasa kan haɗu, ginshiƙan da ke ɗauke da saman su sirance. Wani lokaci ginshiƙin kansa ake sarewa idan an ga zinare a jikinsa. Sauran dalilai sun haɗa da tara ƙasar da aka fitar a bakin rami, da girgizar nakiya ko ta manyan motoci, da sake shiga tsohon rami da aka bari.

Rami yakan nuna alamu kafin ya rufta: tsagewa a saman ƙasa kusa da baki, zubowar tsakuwa daga bango ko rufi, kumburin bango, tsattsafowar ruwa daga inda babu shi a da, da ƙarar itacen tokari idan nauyi ya yi masa yawa.

Wasu haɗurran da suka faru

A ranar 7 ga Nuwamban 2021 ramukan zinare sun rufta a yankin Ɗan Issa na Jihar Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya, aƙalla mutum 18 suka rasu. Watanni kaɗan ne da gano zinare a wurin, dubban mutane suka yi tururuwa can, har da 'yan Najeriya. Bayan haɗarin hukumomin Nijar sun ba da umarnin rufe wurin.

A farkon watan Yunin 2024 wani babban rami ya rufta a Galkogo da ke ƙaramar hukumar Shiroro ta Jihar Neja bayan ruwan sama mai ƙarfi, ya rutsa da gomman ma'aikata. An shafe kwanaki ana aikin ceto.

A ƙarshen watan Satumban 2025 rami ya rufta a Kadauri da ke ƙaramar hukumar Maru ta Jihar Zamfara yayin da mahaƙa da dama ke ciki. An zaƙulo gawarwaki fiye da goma, kuma rahotanni sun ce wasu daga cikin waɗanda suka shiga ceto sun shaƙe.

Yadda ruftawa ke kisa

Hanya ta farko ita ce shaƙewa. Ƙasa na iya toshe hanci da baki, ko ta danne ƙirji. Duk lokacin da mutum ya fitar da numfashi, ƙasar da ke kewaye da shi kan ƙara matsewa, har huhu ya kasa buɗewa. Saboda haka wanda aka binne zuwa ƙirji na iya mutuwa ko da kansa yana waje. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba tare da iskar oksijin ba.

Ta biyu ita ce rauni kai tsaye, kamar karyewar wuya ko ƙashin baya, fashewar kai da zubar jini a ciki. Ta uku ita ce gurɓatacciyar iska. Iskar da ake shaƙa a fili tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin ɗari, kuma ana ɗaukar ƙasa da kashi 19.5 a matsayin haɗari. Janareta ko injin jan ruwa da aka kunna a cikin rami ko a bakinsa yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. A 1986 hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta yi gargaɗin cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a rufaffun wurare irin su rijiya da tanki, waɗanda suka shiga ceto ne.

Ta huɗu takan bayyana ne bayan an fito da mutum. Tsokar da nauyi ya danne na sa'o'i tana mutuwa, idan aka ɗage nauyin sai sinadaran da ke cikinta su kwarara cikin jini, su dagula bugun zuciya ko su kashe ƙoda. Likita Eric Bywaters ya bayyana wannan yanayi a 1941 a kan mutanen da gine-gine suka danne a Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga cikin alamunsa akwai fitsari mai duhu kamar ruwan shayi ko ɗaukewar fitsari.

Akwai bambanci tsakanin wanda ƙasa ta binne da wanda ta toshe wa hanya kawai. Na biyun zai iya daɗewa idan yana da iska da ruwan sha. A 2010 mahaƙa 33 sun yi kwana 69 a zurfin kimanin mita 700 a mahaƙar San José ta ƙasar Cile, aka fito da su duka da rai.

Darasi daga zaftarewar dusar ƙanƙara

Alƙaluma mafi inganci a kan tsawon lokacin da wanda aka binne ke rayuwa sun fito ne daga ƙasashen sanyi, inda dusar ƙanƙara kan zaftaro daga tsauni ta rufe masu wasan zamiya. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 1994, bisa bayanan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa kashi 92 cikin ɗari na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna da rai, amma zuwa minti 35 adadin ya sauko zuwa kashi 30. Dusar ƙanƙara ta fi ƙasa sauƙi, tana kuma da iska a tsakaninta, don haka lokacin wanda ƙasa ta binne bai kai haka ba.

Wannan ne ya sa masu zamiya a tsaunukan da ke nesa da gari suka ɗora aikin ceto a kan abokan tafiya. Kowane mutum yana ɗaukar shebur, da doguwar sanda ta lalube, da ƙaramar na'urar rediyo da ake ɗaurawa a jiki. John Lawton ne ya ƙera na'urar farko mai aiki sosai a 1968 a birnin Buffalo na Amurka, kuma tun 1986 aka amince da zango ɗaya, kilohaz 457, domin na'urorin kamfanoni daban-daban su ji juna. Na'urar kowa tana aika sigina muddin ana tafiya. Idan ƙanƙara ta binne wani, sauran su mayar da nasu kan nema, su bi siginar zuwa inda yake. Ana gwada na'urorin kafin a tashi, ana karanta rahoton haɗari na ranar mai mataki 1 zuwa 5, ana kuma ƙetare wuri mai haɗari ɗaya bayan ɗaya don kada zaftarewa ɗaya ta kwashe kowa.

An ƙera na'urar ne domin ƙanƙara, amma ƙa'idojin da ke bayanta sun dace da rami: a san wanda ke ciki da inda yake, a bar wasu a waje, kayan tono su kasance a kusa, a kuma sanar da juna halin da wuri yake ciki. Tsofaffin mahaƙan kwal na Birtaniya sun yi amfani da ƙananan lambobin ƙarfe da kowane ma'aikaci ke miƙawa kafin ya sauka, domin a san adadin waɗanda ke ƙasa a kowane lokaci.

Aikin ceto

Matakin farko shi ne a janye jama'a daga bakin rami, a kashe injina da motoci, domin nauyi da girgiza na jawo ruftawa ta biyu. Sai a ƙirga mutane, a tambayi wanda ya ga inda aka bar kowa, a sa alama a wurin. Ana yin shiru lokaci-lokaci don a saurari kira ko ƙwanƙwasa. A lokaci guda ana aika wani ya sanar da hukumomi da asibiti mafi kusa.

Kafin mai ceto ya sauka ana tokare bangon da ya rage, a ɗaura masa igiya, a bar masu riƙe ta a sama. Idan wanda ya fara sauka ya faɗi ba tare da rauni ba, alama ce ta gurɓatacciyar iska, kuma ba a tura na biyu sai an hura iska a ramin. Kusa da wanda aka binne ana tono da hannu da ƙaramin shebur. Motar tono tana da amfani wajen kwashe ƙasa daga nesa, amma tana iya sare mutum ko ta ƙara danne shi. Ana fara buɗe fuska, a share baki da hanci, sannan a kwashe ƙasar da ke ƙirji. Ba a jan mutum da igiya ko mota alhali rabin jikinsa na cikin ƙasa.

Duk wanda ya daɗe a danne yana buƙatar asibiti ko da ya miƙe da ƙafarsa, domin yana iya buƙatar ƙarin ruwa, wani lokaci har da wankin ƙoda. Daga yammacin Zamfara, manyan asibitocin da ake tura masu mummunan rauni sun haɗa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Rigakafi da doka

Ƙa'idar aikin gini a Amurka ta wajabta tokari ko kwantar da bango ga ramin da ya kai zurfin mita ɗaya da rabi, sai dai idan a cikin tsayayyen dutse aka haƙa shi, ta kuma ce a ajiye ƙasar da aka fitar aƙalla santimita 60 daga baki. A ramin zinare, matakan da aka sani sun haɗa da tokare rufi da itace mai ƙwari, barin ginshiƙai, ba da tazara tsakanin ramuka, samar da hanyar fita ta biyu, haƙa magudana don kada ruwan sama ya gangara ciki, da dakatar da aiki bayan ruwa mai yawa.

A Najeriya, Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta sanya duk ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, ta kuma tanadi lasisin ƙananan mahaƙa, wanda ƙungiyoyin gama-kai ke iya nema. Sashen duba mahaƙai na ma'aikatar ma'adinai ne ke da alhakin sa ido kan lafiyar wuraren aiki, yayin da hukumar NEMA da hukumomin agajin gaggawa na jihohi ke kula da kai ɗauki. Yawancin ƙananan ramuka ba su da rajista, suna kuma cikin daji inda hanya da tsaro ke da wuya, shi ya sa kiyaye waɗannan matakai ya fi rataya a wuyan masu ramuka da shugabannin mahaƙa da ke wurin.