Sabunta Babbar Manhajar Uwar Garke Ba Tare da Tsayar da Aiki Ba: Misali daga Kasuwar Libiya

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Libiya tana yammacin Omdurman, kuma tana cikin manyan kasuwannin Sudan. Bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsabar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka ƙara dogara da biyan kuɗi ta waya, musamman ta manhajar Bankak ta Bankin Khartoum. Ɗan kasuwar da ya kulla ciniki yana jiran saƙon shigar kuɗi, in na'urar da ke riƙe da lissafi ta tsaya, ciniki ya tsaya. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake sabunta irin waɗannan na'urori ba tare da an rufe hulɗa ba.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Babbar manhaja kuwa ita ce ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya, kamar Debian ko Windows Server. Ana iya raba uwar garke guda zuwa ƙananan kwamfutoci na manhaja zalla, waɗanda a nan za a kira su kwamfutocin gizo. Idan aka haɗa uwar garke biyu ko fiye suna aiki tare, an sami gungu.

3.0 Dalilin Sabuntawa

Kowace manhaja tana da wa'adi. Misali, an daina tallafa wa CentOS 7 ranar 30 ga Yuni, 2024. Manhajar da wa'adinta ya cika ba ta ƙara samun gyaran tsaro, ta zama tamkar rumfa marar ƙyaure.

4.0 Yadda Ake Yi

A ɗauka akwai gungu mai uwar garke 3, kowace tana ɗauke da kwamfutocin gizo 4. Dabarar ita ce bi-da-bi, kamar mai rumfuna uku da zai sake rufi: sai ya kwashe hajar guda zuwa sauran biyun, ya gyara, ya mayar.

Da farko a yi kwafin ajiya, a kuma gwada shi a tabbatar yana buɗewa. Sannan a binciki shirin na'urorin. Manhajar Proxmox VE, wadda fitowarta ta 8 ta zo a 2023, tana da umarnin pve7to8 domin wannan aiki. Daga nan a ƙaurar da kwamfutocin gizo 4 na uwar garke ta farko alhali suna aiki. Ana kwafe ƙwaƙwalwarsu a hankali, kuma tsaikon da ke biyo baya ɗan ƙanƙane ne, mai ciniki ba ya ankara. Sai a sabunta wadda ta zama fanko, a sake kunna ta, a gwada ta da aiki mai sauƙi, kafin a wuce ta biyu.

5.0 Abubuwan Kiyayewa

Na farko shi ne ƙarfin ɗauka. Idan kowace uwar garke tana da ƙwaƙwalwa gigabait 64, jimla 192 ke nan, amma kada nauyin aiki ya wuce 128, domin biyu ne za su ɗauki kayan uku. Na biyu shi ne rinjayen ƙuri'a: gungu mai uku yana buƙatar biyu a raye kafin ya yanke hukunci, saboda haka ba a taɓa biyu a lokaci guda, kuma ba a fara aikin sai an tanadi janareta da batir. Na uku, ƙaura daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa tana yiwuwa, amma komawa baya ba ta da tabbas.

6.0 Kammalawa

An ga cewa aikin ya rataya ne a kan kwafin ajiya, sararin ɗaukar kaya da bin na'urori ɗaya bayan ɗaya. Ya fi dacewa a yi shi da dare, bayan kasuwa ta tashi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa.