Sababbin Hotuna a Tsohon Wasa: Me Ke Sa Ƙaramar Laftof Ta Gaza?

Wasannin PlayStation 2, GameCube da PSP sun daɗe da ƙaura daga na'urorinsu na asali. Yanzu a kwamfuta ake buga su ta manhajojin da ke kwaikwayon waɗancan na'urori, irin su PCSX2, da Dolphin da ta fito tun 2003, da PPSSPP wadda Henrik Rydgård ya saki a 2012. Dukkansu suna ba mutum damar sauya hotunan da aka lulluɓe komai na cikin wasa da su, ciyawar fili da bango da fuskoki da riguna, ya sa wasu masu kaifi da masoya wasan suka sake zanawa. Matasanmu masu buga PES a PPSSPP sun san wannan sarai, domin ta haka ake ganin rigunan kulob na bana a wasan da aka yi shekaru da dama. Amma da zarar an ɗora babban ƙunshin hotuna a ƙaramar laftof ta hannu, sai wasa ya riƙa tsayawa, sauti ya kakkatse, wani lokaci manhajar ta rufe kanta. Nan take a ce ƙunshin ya lalace ko kwamfutar ta tsufa. Alhali galibi hotunan ne suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwar na'urar, kuma wannan lissafi ne da kowa zai iya yi kafin ya ƙona datarsa wajen saukewa.

Hoton PNG matsattse ne muddin yana ajiye a faifai, amma kafin a nuna shi sai an warware shi gaba ɗaya, kowane ɗigo ya ci bait 4. Hoto mai ɗigo 4096 a tsaye da 4096 a kwance zai ci megabait 64 ke nan shi kaɗai, ko da fayil ɗinsa ƙarami ne. PlayStation 2 ɗungurungum megabait 32 gare ta na babbar ƙwaƙwalwa da 4 na hoto, wato hoto guda na zamani ya fi duk abin da aka gina wasan a kansa, ga shi fili ɗaya yana iya buƙatar hotuna masu ɗimbin yawa. Laftof mai katin hoto na haɗe, kamar Intel UHD 620, ba ta da ƙwaƙwalwar hoto tata ta kanta. Daga RAM take yanka, inda Windows da manhajar wasan ke cin nasu rabon. A na'ura mai gigabait 4 ko 8, wannan ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Shi ya sa ƙunshin da aka shirya a tsarin DDS ya fi dacewa da ita, domin katin hoto yana karanta shi a matse yadda yake: a tsarin BC7 wancan hoton zai dawo megabait 16, a BC1 kuma 8.

Wani zai ce ai Dolphin da PCSX2 suna da zaɓin loda hotuna duka tun kafin a fara wasa, kuma yana maganin tsaye-tsaye. Gaskiya ne, ga mai yalwar RAM. Zaɓin yana kwashe ƙunshin baki ɗaya ya zuba a ƙwaƙwalwa, don haka idan ƙunshin ya fi wurin da ya rage, Windows za ta koma ajiye rarar a faifai, kuma idan tsohon faifai ne mai juyawa, maganin ya fi cutar muni. Mai ƙaramar na'ura gara ya kashe shi, a PCSX2 ya kunna loda hotuna a bayan fage, ya haƙura da ganin tsohon hoto na ɗan lokaci kafin sabon ya bayyana.

Hujja mafi ƙarfi ta guje wa manyan hotuna tana kan allon kansa. Yawancin waɗannan laftof allonsu 1366 da 768 ne, ɗigo miliyan ɗaya da kaɗan, yayin da wancan hoton mai 4096 da 4096 ke da sama da miliyan 16. Idan kuma ƙarfin na'urar bai wuce ta zana wasan da ninki biyu na girmansa na asali ba, mafi yawan kaifin da aka sha wahalar lodawa ba zai taɓa isa ido ba. Wannan ba ya nufin a haƙura da sababbin hotuna gaba ɗaya, kamar yadda masu cewa a sayi babbar kwamfuta kawai ke nunawa. Rubutu, taswira da alamomin kan allo su ne suka fi nuna tsufa a wasa, su ne kuma mafi sauƙin nauyi. Mutum na iya barin waɗannan, ya cire foldar manyan hotunan ƙasa da gine-gine, ko ya nemi ƙaramin nau'in ƙunshin idan masu shi sun fitar.

Sai dai a yi adalci, ba kowace matsala ce ta ƙwaƙwalwa ba, kuma gwaji ɗaya ke rarrabewa: a kashe sababbin hotunan, a sake buga wuri guda. Idan tsayawar na nan, a duba wani wajen. Tsayawar da ke zuwa a karon farko da aka ga wani haske ko fashewa, daga baya ta daina, daga shirya umarnin zane ga katin hoto take, kuma Dolphin ta kawo hanyar rage ta tun 2017. Wasan da ke farawa lafiya ya yi nauyi bayan ɗan lokaci, zafi ne ke sa injin rage gudu, musamman idan ƙura ta toshe fanka. Idan kuwa hotunan sun ƙi fitowa sam, sunan folda ake fara dubawa, domin kowane yanki da lambarsa. A Dolphin, wasan The Wind Waker na Amurka GZLE01 ne, na Turai GZLP01. A PCSX2 ma lambar SLUS ta Amurka daban take da SLES ta Turai. Dolphin tana karɓar haruffa ukun farko kawai, GZL, idan ana so folda ɗaya ta yi wa kowane yanki aiki.