Addu'ar Coci da Sunayen 'Yan Mazan Jiya

Kowace shekara, ran Lahadin da ke gabanin 15 ga Janairu, manyan hafsoshi da shugabannin ƙasa kan hallara a Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa da ke Abuja domin addu'a ga sojojin da suka kwanta dama a bakin daga, kamar yadda Musulmi kan yi tasu a Masallacin Ƙasa ran Juma'a. A da, ran 11 ga Nuwamba ake wannan tunawa, ranar da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, al'adar da muka gada daga Ingila. Daga baya aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Mai karatu zai so ya san cewa addu'ar nan ba iri ɗaya ba ce a wurin Kiristoci. 'Yan Katolika suna roƙa wa mamaci gafara da hutun rai, alhali akasarin sauran ɗariƙu, irin su ECWA da COCIN, godiya suke yi wa Allah saboda rayuwarsa, sannan su roƙa wa iyalinsa haƙuri. Taron haɗin gwiwa kan ɗauki duka biyun.

Abin da ke damuna, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne laƙabin da muka ba su: 'yan mazan jiya. Kalmar "jiya" tana tura tunani can Bama, inda kakanninmu suka gwabza da Jafanawa a 1944 da 1945, ana ba su oda da Hausar bariki. Amma fa gawarwakin da ake kaiwa maƙabartar sojoji ta Abuja na yau ne. Sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta a watan Maris na 2024 sun bar mata da 'ya'ya ƙanana, haka ma waɗanda suka faɗi a Sambisa da Tafkin Chadi.

Mutanen Okuama an bayyana sunayensu ɗaya bayan ɗaya, aka kuma yi wa iyalansu alkawarin gidaje da tallafin karatu. Sauran galibi a jimla ake ambatonsu, "jarumanmu", ba suna ba gari. A ganina, limaman coci na barikoki su nemi jerin sunayen waɗanda suka rasu a shekarar, su karanta shi a gaban bagade, matan mamatan na zaune a sahun gaba, kafin a kai ga jawabin babban baƙo.